Zan cire Outlook daga kwamfutar ofis: wasiƙuna da lambobin abokan ciniki za su bi shi?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji mai ofishin kargo a nan Jidda, cikin masu aika kaya Kano da Yamai. Kwamfutar ofishinsu Outlook 2016 ne a kanta, da shi suke karɓar saƙo shekara takwas ke nan, kuma adireshi biyu ne a ciki: na kamfani da wani na Gmail. Yanzu ya yi nauyi, kullum kuma sai ya tsaya yana neman kalmar sirri. Yaronsa ya kawo shawarar a cire shi a sa Thunderbird, wata manhajar imel ta daban. Alhaji yana fargabar kada wasiƙun shekarun nan da lambobin abokan ciniki su tafi tare da shi.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka yi daidai da ka tambaya kafin a taɓa komai. Ka ce wa yaron ya ɗan dakata tukuna.

Cire Outlook shi kaɗai ba ya share wasiƙa. Manhajar tana wuri guda, wasiƙun suna cikin wani fayil daban, kuma idan an cire Office ta hanyar da aka saba, fayil ɗin yana nan inda yake. A shekarun da na yi ina gyaran kwamfuta a garin nan, asarar da na gani kusan duk daga abin da aka yi kafin cirewar ko bayanta ta fito. Wani ya cire adireshin daga cikin Outlook wai yana share fage. Wani ya ɗauki kwamfutar ya kai shago a Shari' Khalid bin Walid ya ce a yi mata fomat, mai shago kuma ya kwashe hotuna da takardun da ke kan allo kawai ya ce an gama. Wani ya sa sabuwar manhaja, ya ga saƙon mako biyu ne ya sauko, sannan aka shiga salati.

Abin da za ka fara sani shi ne inda wasiƙunka suke kwana. Buɗe Outlook, danna File, sai Account Settings, sai ka sake danna Account Settings ɗin da zai sauko. Idan na Larabci ne a kwamfutar, File shi ne Malaf. Za ka ga adireshinka biyu a jere, a gefen kowanne akwai wurin da aka rubuta Type. Ɗaya daga cikin uku za ka gani: POP, ko IMAP, ko Microsoft Exchange. Wannan 'yar kalmar ita ce za ta gaya mana girman aikin.

Tunda sana'arka kaya ce, bari in yi maka misali da sito. Saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe maka imel, ita ce siton. A tsarin IMAP da na Exchange kayan suna sito, abin da kake gani a Outlook kwafinsu ne. Kwamfutar ofis ta ƙone yau, gobe ka shiga ta wata ka tarar da kayanka. A tsarin POP kuwa, Outlook zuwa yake ya kwaso kayan daga sito ya kawo shagonka. Yadda Microsoft ya saita shi tun asali, yakan bar kwafi a saba na kwana 14 kawai, daga nan ya share. Ke nan idan adireshin kamfaninku POP ne, kuma ina kyautata zaton haka ne domin yawancin adiresoshin ƙananan kamfanoni da aka haɗa a shekarun nan haka aka yi musu, wasiƙun shekara takwas ba su da wani mazauni a duniya sai cikin wannan kwamfutar da kake cewa ta yi nauyi. Waɗanda kuka aika kuwa, na cikin Sent Items, ko kwana ɗaya ba su taɓa yi a saba ba. Duk faturar da kuka tura, duk farashin da kuka ba wani a rubuce, a nan kaɗai suke.

Mai POP wasiƙunsa da lambobinsa da kalandarsa duk suna cikin fayil ɗaya mai ƙarewa da .pst, galibi a cikin Documents, a wata folda mai suna Outlook Files. Kada ka dogara da galibin nan. A wannan tagar ta Account Settings akwai shafin Data Files, shi zai nuna maka kowane fayil da Outlook yake amfani da shi, in ka danna Open File Location ya kai ka har ƙofarsa. Sau da yawa za ka ga fiye da ɗaya, domin idan an taɓa saita shi haka, Outlook yakan kwashe tsofaffin wasiƙu ya zuba a wani mai suna archive, mai kwamfutar bai ma san da shi ba. Rufe Outlook gaba ɗaya, sannan ka kwafi kowane .pst da ka gani zuwa rumbun ajiya na waje. Idan Outlook yana buɗe, kwafin zai ƙi tafiya ko ya tafi a gurgunce.

Na Gmail ɗin kusan tabbas IMAP ne, kuma a nan ne tarkon yake, domin mutum yana jin an ce wasiƙunsa suna saba sai hankalinsa ya kwanta. Wasiƙun suna can, gaskiya ne. Amma IMAP wasiƙa kawai ya san ɗauka, bai san lambobin mutane ba, bai san kalanda ba. Tun daga Outlook 2013, idan adireshin IMAP ne kaɗai a kwamfuta, ko shi ne babba, lambobin da kake ajiyewa suna shiga wata folda da za ka ga an rubuta This computer only a gefen sunanta. Ma'anarsa a wannan kwamfutar kaɗai. Foldar tana cikin wani fayil mai ƙarewa da .ost, shi kuma .ost ba kamar .pst ba ne. A ɗaure yake da adireshin da ya haife shi a wannan kwamfutar. Ka kwafe shi ka kai wata, Outlook ba zai buɗe maka shi ba. Ka cire adireshin daga Account Settings, fayil ɗin ya tafi, lambobin sun bi shi.

Na taɓa ganin wannan da idona, kuma har yau ina jin nauyinsa. Wani mai hidimar alhazai ne ya kawo min kwamfutarsa ana saura makonni kaɗan jirage su fara sauka. Outlook ɗinsa ya ƙi karɓar kalmar sirri, wani ya ba shi shawarar ya cire adireshin ya sake sawa. Outlook ya fito da gargaɗi da Turanci, ya danna Yes bai karanta ba, kamar yadda dukanmu muke yi. Wasiƙu suka dawo tsaf, babu wadda ta yi ciwon kai. Ya danna wajen lambobi ya tarar da fili fetal. Direbobin bas, masu gidajen haya a Makka, wakilansa na gida, duk wanda ya tara a shekaru. Yana zaune a kan kujerar roba a shagona, carbi a hannu, yana ta maimaita cewa ai wasiƙun sun dawo, don me lambobin ba za su dawo ba. Kwana biyu muka yi muna tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga ƙasan wasiƙun da mutane suka taɓa aiko masa. Waɗanda ba su taɓa rubuto masa ba, lambar waya kawai ya ajiye, ba mu same su ba.

Maganin wannan shi ne ka sa Outlook ya fitar maka da komai zuwa sabon .pst da hannunka. File, sai Open & Export, sai Import/Export. A na Larabci Tasdir shi ne fitarwa, Istirad shigarwa. Zaɓi Export to a file, sannan Outlook Data File. Zai nuna maka jerin foldoji. Kada ka danna Inbox, danna sunan adireshin da ke can sama da kowa, ka tabbatar akwai alama a Include subfolders, in ba haka ba akwatin shiga kawai za ka kwasa ka bar sauran. Ba fayil ɗin suna mai ma'ana, da sunan adireshin da kwanan watan ranar. Zai tambaye ka ko kana son sa masa kalmar sirri. Ni nakan bar wurin babu komai, domin makullin .pst ba ya hana ɓarawon da ya san aikinsa, mai shi kawai yake wahalarwa ranar da ya manta. Ka yi wa kowane adireshi nasa daban, har da na POP ɗin da ka riga ka kwafa. Kwafi biyu ta hanya biyu ba ɓarna ba ce.

Abu ɗaya kafin ka fara fitarwar. Outlook abin da ke cikin kwamfutar kawai yake iya fitarwa. A saitin adireshin IMAP da na Exchange akwai wani ma'auni da ake ja hagu ko dama, na yawan wasiƙun da za a ajiye a kwamfuta. A Exchange yakan zo a kan shekara ɗaya. Idan ba a kan All yake ba, ja shi zuwa can, ka bar kwamfutar a kunne har ta gama saukewa, ko da zai kai gobe. In ba ka yi haka ba za ka fitar da fayil mai kyan gani wanda shekarar bara kawai ke ciki.

Ga kuma maganar filash. Yawancin ƙananan filash da ake saya suna zuwa a tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Ofishin da ake turo wa hotunan kaya da takardun kwastam shekara takwas, .pst ɗinsa zai iya ninka haka, tunda Outlook 2016 yana barin fayil ya kai giga 50. Sai ka ga filash mai giga 32 babu komai a ciki yana ce maka fayil ya yi masa girma. A mai da shi exFAT ko NTFS tun kafin a zuba komai, domin sauya tsarin ta hanyar fomat yana share abin da ke ciki. Ni dai na fi son rumbun waje na sosai a kan filash, wanda ke bin aljihun jallabiya zuwa wajen wanki.

Yanzu lambobin. Suna cikin .pst ɗin da ka fitar, amma ina son ka fitar da su su kaɗai a wani tsari da kowace manhaja take ganewa. Hanyar ɗaya ce, sai dai maimakon Outlook Data File ka zaɓi Comma Separated Values, sannan ka nuna foldar Contacts. Idan foldojin lambobi sun fi ɗaya, kowacce sai an yi mata nata. Zai ba ka fayil mai ƙarewa da .csv.

A nan mu mazauna ƙasar nan muke da matsalar da ba kowa yake da ita ba, domin littafin lambobinmu harshe uku ne. Sunan mai sito da Larabci, sunan kamfanin jirgi da Turanci, sunan dillalin Kantin Kwari da Hausa. Tsofaffin Outlook idan za su rubuta .csv suna bin harshen da aka saita wa Windows ne. In ba Larabci ba ne, duk sunan da aka rubuta da Larabci zai iya fitowa alamun tambaya a jere, kuma babu mai iya mai da alamar tambaya ta koma suna. Don haka da ka fitar, buɗe shi da Notepad ka duba. In ka ga alamun tambaya, je Control Panel, Region, shafin Administrative, Change system locale, ka mai da shi Larabcin Saudiyya, ka sake kunna kwamfutar, ka sake fitarwa, sannan a Notepad ka yi Save As ka zaɓi UTF-8. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wannan dabarar ba ta cece su ba, sai ka bi su da hannu. Su kam ba su da yawa, domin akasarinmu ba ma sa su a sunayen waya.

Na ce Notepad da gangan. Idan ka danna fayil ɗin sau biyu Excel ne zai buɗe shi, kuma Excel yana ganin lambar waya a matsayin lissafi. Lambar da ta fara da 05 zai cire mata sifirin gaba, ta gida mai 080 haka. Wadda aka rubuta da 966 a gaba, tunda ta kai lamba 12, sai ya dunƙule ta ta koma wani abu kamar 9.66E+11. Kallo kawai ba ya ɓata komai. Amma in ka danna Save a wannan halin, dunƙulallen shi zai rubuta, sauran lambobin sun tafi ke nan. Na ga akawun da ya gyara harafi ɗaya a sunan mutum ɗaya, ya yi Save, ya lalata lambobin mutum ɗari da wani abu. In Excel ya tambaye ka ko ya ajiye canji lokacin rufewa, ce masa a'a.

Akwai wasu lambobin da za ka rantse ka ajiye su alhali ba ka taɓa ajiyewa ba. Ka san idan ka fara rubuta harafi biyu a wajen To sai Outlook ya kawo maka cikakken adireshin mutum? Wannan ba daga Contacts yake ɗaukowa ba, wani ɗan jeri ne da yake tarawa da kansa na duk wanda ka taɓa aika wa saƙo. Ofisoshi da yawa da shi kaɗai suke rayuwa, ka buɗe Contacts ɗinsu ka tarar da mutum biyar. Jerin nan ba ya bin .csv, kuma Thunderbird ba zai gaje shi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fitar da foldar Sent Items ita ma zuwa .csv, adireshin duk wanda kuka taɓa rubuta wa zai fito a ciki, yaron ya zauna ya tsince masu amfani. Sa hannun da ke fita a ƙasan wasiƙunku, mai tambarin kamfani da lambar sijilli, wato rajistar kamfani, shi ma yana waje ɗaya daban. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta %appdata%\Microsoft\Signatures, ka kwafi abin da ka gani.

Idan .csv ɗin ya fito lafiya, shiga Google Contacts da adireshin Gmail ɗin ofis ka yi Import. Daga ranar lambobin suna saba, suna kuma wayarka in wannan Gmail ɗin yana kanta.

Duk wannan da ka yi, ban yarda an yi ajiya ba sai an buɗe an gani. Gani ya kori ji. A cikin Outlook je File, Open & Export, Open Outlook Data File, ka nuna masa kwafin da ke rumbun waje. Zai bayyana a gefen hagu. Shiga ciki ka gangara har wasiƙa mafi tsufa, ka ga ko shekararta ta yi daidai da lokacin da kuka fara. Buɗe wata tsohuwar fatura da aka maƙala a wasiƙa, ka ga ta buɗu. Duba Sent Items. Ƙirga lambobin ka gwada da na asali. Idan foldojin da suka fito daga Gmail suka nuna babu komai a ciki alhali fayil ɗin yana da nauyi, kada gabanka ya faɗi, sananniyar ɗabi'ar Outlook ce da abin da aka fitar daga IMAP. Je View, Change View, ka zaɓi IMAP Messages, za su fito. In ka gama dubawa, danna dama a kan fayil ɗin ka yi Close kafin ka zare rumbun.

Kwafi ɗaya ya kwana a ofis, ɗaya ya tafi gida. Wanda yake Jidda a Nuwamban 2009 ya san abin da ruwa ya yi wa unguwanni irin su Ƙuwaiza, kuma mu masu gyara mun ga kwamfutocin da aka riƙa kawowa da laka a cikinsu. Rumbun da ke cikin durowar teburin da kwamfutar take kai, tare za su jiƙe. Kada kuma a bar shi a mota da rana. Na Gmail yana da ƙarin hanya kyauta, Google Takeout, wanda zai tattara maka wasiƙun a fayil ɗin mbox, irin tsarin da Thunderbird yake amfani da shi, lambobin kuma a vCard. Ba don tsoron gobara kaɗai ake wannan ba. Dokar harajin VAT ta ƙasar nan tana neman a riƙe takardun ciniki aƙalla shekara 6, kuma na san a ofisoshi irin naku rabin takardun nan a cikin imel suke.

Sai maganar Thunderbird. Shawarar yaron ba ta da laifi, manhaja ce ta kyauta kuma tana aiki. Kuskuren yana cikin jerin da ya tsara ne, a cire sannan a sa. Thunderbird ba ya buɗe .pst da kansa. Hanyar da yake ɗauko wasiƙu daga Outlook, ta Tools sannan Import, sai Outlook yana kan kwamfutar take aiki, domin ta bakinsa yake karɓa. Ka cire Outlook da safe, da rana ka tarar kana riƙe da akwati babu mabuɗi. Don haka a sa Thunderbird Outlook yana nan. Gmail ɗin ba ya buƙatar komai, ka sa adireshin, ya buɗe maka shafin Google ka shiga, wasiƙu su sauko da kansu. Na kamfanin ne za a ɗauko ta Import. Idan ya tsaya a hanya, kuma yakan yi haka da manyan fayiloli, akwai hanya ta biyu: a cikin Outlook ka buɗe sabuwar folda a ƙarƙashin Gmail, ka riƙa kwafar wasiƙun kamfani kana zubawa a ciki, su hau saba, Thunderbird ya gan su ta can. Kaɗan-kaɗan ake yi, shekara ɗaya a zama ɗaya, domin Google yana da iyakar abin da yake karɓa a rana, kuma giga 15 ɗin da yake bayarwa kyauta tare da Drive da Photos ake raba shi.

Da za ka sa adireshin kamfanin a Thunderbird, tambayi masu riƙe muku shi ko suna ba da IMAP. Kusan kowa yana bayarwa yanzu. Ka koma kansa, ka huta da zaman ƙwai a kwando ɗaya. Daga ranar kuma kada a bar Outlook ya ci gaba da karɓar saƙon wannan adireshin, in ba haka ba zai ci gaba da tsohuwar al'adarsa ta sharewa daga saba bayan kwana 14, ku ga wasiƙu suna ɓacewa a Thunderbird ku rasa dalili. A shafin Send/Receive akwai Work Offline, danna shi ka bar shi a haka.

Neman kalmar sirrin da yake yi kullum, wataƙila ba lalacewa ba ce. Google ya daina barin tsofaffin manhajoji su shiga Gmail da kalmar sirri zalla tun 30 ga Mayun 2022, Microsoft ma ya yi haka ga masu Hotmail da Outlook.com a 16 ga Satumban 2024. Wasu nau'o'in Outlook 2016 ba su iya sabuwar hanyar shiga ba, sai su yi ta tambaya ko da abin da ka rubuta daidai ne. A Gmail ana warware shi da kalmar sirri ta musamman mai harafi 16 da Google yake ba manhaja, bayan an kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ka yi wannan ko don ka samu ka gama sauke wasiƙun. Sai dai ba zan ce ka zauna a kansa ba, tunda Microsoft ya daina yi wa Office 2016 gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025, rana ɗaya da Windows 10.

To, cirewar kanta. Ka shiga Settings, Apps, ka nemi Outlook, ba za ka gan shi ba. Microsoft Office za ka gani, domin a dunƙule suke, kuma in ka danna Uninstall da Word da Excel za su tafi. A wasu nau'o'in na da, in ka bi ta Control Panel, Programs and Features, ka danna Change, yakan ba ka damar cire Outlook shi kaɗai. A waɗanda ake saukewa ta intanet babu wannan zaɓin. Kafin ka taɓa shi ka tambayi kanka ko kana da lasisin da za ka mai da Word da Excel. Idan mai shagon da ya sayar muku da kwamfutar ne ya sa muku shi shekara takwas da suka wuce, ban tsammanin akwai wata takarda a hannunku. Ra'ayina, kada ka cire shi yanzu. Je Default apps ka mai da Thunderbird shi ne na imel, ka cire alamar Outlook daga kan allo don kada wani ya buɗe shi bisa sabo, ka bar shi ya yi wata biyu a haka. Manhajar da ba a buɗe ba ba ta sa kwamfuta nauyi, kuma duk ranar da aka nemi wata tsohuwar wasiƙa aka rasa a Thunderbird, mabuɗin .pst yana hannunka.

Shi Thunderbird ajiyarsa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Rufe shi, danna Windows da R, rubuta %appdata%\Thunderbird, ka kwafi foldar gaba ɗaya. Wasiƙu, lambobi, saiti, duk suna ciki. Har da kalmomin sirrin da ya haddace, saboda haka rumbun ba abin ba kowa aro ba ne. A sa wa yaron ya riƙa yi duk ranar Alhamis kafin a rufe ofis.

Idan kuma niyyarka daga baya ka sayar da kwamfutar ko ka kai ta Sawarikh, kasuwar tsofaffin kaya ta Jidda, ka tuna abin da na faɗa tun farko ta ɗaya fuskar: cire Outlook ba ya share wasiƙa. Hotunan fasfo da iƙamar abokan cinikinka suna nan cikin .pst ga duk wanda ya saya. Wannan sai an yi Reset this PC, a zaɓi Remove everything, a kunna zaɓin goge rumbun sosai, kuma bayan an tabbatar da kwafin nan biyu.

Ka duba min abu ɗaya a Gmail ɗin tun yau, wato lambar wayar da Google yake tura wa lambar tabbatarwa. A ofisoshi da yawa layin wani ma'aikaci ne da ya buɗe adireshin tun farko, layin kuma da iƙamarsa aka yi masa rajista. Ranar da ya yi huruj ya koma gida layin ya mutu, sabuwar manhaja ta nemi a tabbatar, saƙon ya tafi inda babu mai karɓa. Shiga Security a asusun Google, ka mai da lambar taka, ka ƙara adireshin kamfanin a matsayin na ceto, ka sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da yake bayarwa ka buga su a takarda, ka sa a inda kake ajiye sijillin kamfani.